Tatsar Saniya Mai Tsohon Ciki

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 Barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na noma da kiwo. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Deule da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Buza, Tama, Karofane, Alakai, Tabotaki da Babban Katami, har zuwa Garhanga da Keita da Tamaske, da 'yan'uwanmu na Madawa. Makiyayan da ke ruga, rediyo rataye a kafaɗa, sannunku da fama da rana.

Iyayena mata, shirin yau naku ne fiye da kowa, don hannunku ne ke kan hantsa safe da yamma. Maigida, kai ma kada ka tashi, akwai rabonka a gaba.

Tambaya ce guda mai fuska biyu. Saniya ta yi tsohon ciki amma har yanzu tana ba da ɗan abin da ake dama fura da shi: a ci gaba da tatsa, ko a ƙyale ta? Sannan ga wadda haihuwa ta matso mata, saura kwana goma ko mako biyu, hantsa ta cika tam har tana tafiya a tale: a rage mata, ko a bari?

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu ina yaro. Muna da wata jar saniya 'yar Azawak, mai sanyin hali, ko yaro yana iya kama ta. Idan garke ya yi arewa da damina, ita ake bari a gida saboda mu yara. Wata bazara cikinta ya tsufa, rumbu ya yi ƙasa, abin da ke riƙe da gidan shi ne ɗan nonon nan. Inna ta ci gaba da tatsa. Da hantsa ta fara cika kafin haihuwa sai muka yi murna, muka ce madara ta dawo. Aka tatse, aka dafa, muka sha. Ta haifi maraƙa kyakkyawa. Ba ta cika mako ba zawo ya kama ta, idanu suka faɗa, ta kwanta ba ta sake tashi ba. Kun san halin shanunmu masu tozo, in ba su ga ɗa a gaba ba, ba sa sakin nono. Aka feɗe fatar, aka cusa mata ciyawa, ana ajiye wa uwar tana sansana, tana ɗan saki, daga baya ta gane ta ɗauke. Daminar nan ta zo da ciyawa har gwiwa, amma ƙwaryarmu a kife. Mun ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne. Sai da na girma na zauna da likitocin dabbobi na gane sanadin. Inna ba ta yi don mugunta ba, 'ya'yanta take ceto, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata abin da zan gaya muku yanzu.

Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, wato kwana 280 zuwa 290. A watannin farko ɗan ba ya cin wani abin kirki daga jikinta. Mafi yawan girmansa, fiye da rabi nesa ba kusa ba, a watanni biyu zuwa uku na ƙarshe yake yinsa. A lokacin ne ƙashi ke ƙarfi, tsoka ke zama. Duk abin da uwar ta ci, da shi ake rabawa. In kuma ana tatsar ta, cin nan guda ya kasu uku: nata, na ɗan ciki, da na ƙwarya.

To ku dubi lokacin da wannan ke faɗowa a ƙasarmu ta Adar. Yawancin shanu suna ɗaukar ciki a ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da suka ƙoshi suka murje. Wadda sa ya hau a watan Satumba, haihuwarta Yuni. Ke nan tsohon cikinta ya faɗo a Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara, sa'ad da kara ya ƙare a gonaki, dutse ya yi fayau, rijiya ta yi nisa, saniya tana lasar ƙasa tana cin leda. Wanda ya ga farin 1984 ko na 2010 ya san waɗanda suka fara faɗuwa a garke: masu tsohon ciki ne da masu shayarwa. Saniyar da ake ɗagawa da itace kowace safiya, in ka bincika, sau da yawa an tatse ta har ƙarshen ƙarfinta.

Wannan ɓangaren jiki ke nan. Ita kanta hantsar fa?

Mu manoma mun san gonar da aka noma shekara da shekaru, ba taki ba hutu. Hatsi yana raguwa, zangarniya tana ƙanƙancewa, a ƙarshe ta koma faƙo, sai an sha wahalar haƙa ramukan tassa kafin ta farfaɗo. Hantsa ma haka take. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu, su ne ke ƙera madara daga jini. Watannin tatsa suna gajiyar da su, wasu su tsufa, wasu su mutu, shi ya sa madara ke raguwa a hankali. Idan aka daina tatsa, jiki yana kwashe tsofaffin ya sabunta su, ya shirya wa haihuwa mai zuwa. Wannan aiki yana son lokaci. Masana kiwon shanun madara a duniya sun daɗe da tsayawa a kan kwana 45 zuwa 60, mu ce wata biyu. An gwada a Turai da Amurka, aka tatsi wasu shanu ba hutu har ranar haihuwa, aka hutar da wasu. Waɗanda ba a hutar ba, madararsu a zagaye na gaba ta ragu da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Kuma waɗannan shanu ne da ke kwana cikin abinci. Tamu da ke fama da bazarar Adar ba na jin za ta fi su juriya.

Mu yi lissafin tare, a matsayin misali. Mu ɗauka saniyarki a ƙarshen tatsa tana ba ki rabin lita a rana. Wata biyu, lita 30 ke nan. Mu ɗauka kuma in ta haihu da ƙarfinta za ta ba da lita 4 a rana, har wata takwas. In ta rasa kashi ɗaya cikin biyar, kin yi asarar abin da ya haura lita 190. Kin karɓi 30 a bazara, kin biya 190 a damina da kaka. Ko mai ba da bashi da ruwa bai kai nan ba. Kuma ba mu sa ramar uwar a lissafi ba, wadda za ta sa ta daɗe ba ta sake neman sa ba, haihuwar da ya kamata a samu cikin shekara ɗaya da rabi ta koma shekara biyu ko fiye.

Na san wani zai ce, ai shanunmu da kansu suke ƙafewa, tun ciki bai yi nisa ba. Haka ne ga da yawa daga cikinsu. Matsalar tana kan saniyar kirki, mai yawan nono, wadda ba ta ƙafewa da wuri. Azawak ta yi suna a duk Afirka ta Yamma wajen madara, don haka ne gwamnati ke kiwon irinta a Tukunus ta ƙasar Filinge, da Ibesetan a nan jiharmu ta Tawa. Wadda ta fi kyauta ita muka fi cuta, don ba ta iya cewa a'a.

Akwai kuma wani mai tatsa da ba mu cika lissafawa da shi ba: tsohon maraƙi. Ya shekara, ya fara ƙaho, amma yana biye da uwa yana tunkuɗar hantsa. Uwar gida ta ce ni na daina tatsa tun watan jiya. Kin daina, shi bai daina ba. A wurin hantsa, bakinsa da hannunki duk ɗaya ne. In ba a raba su ba, babu hutun da aka yi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tatsar saniya mai tsohon ciki. Yanzu mun zo kan dakashi, kuma a nan nake roƙon ku kasa kunne sosai.

Ɗan Adam tun yana ciki yake samun wani kaso na garkuwar jiki daga jinin uwarsa. Saniya ba haka Allah ya yi ta ba. Mahaifarta ba ta barin wannan garkuwa ta ratsa zuwa ga ɗan. Maraƙi yana faɗowa duniya ne hannu rabbana, ba shi da makamin yaƙi da kowace cuta. Duk kariyarsa tana cikin dakashi, wannan nono na farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, mai danƙo a hannu. Kuma ba ranar haihuwa ake yinsa ba. Tun saura mako uku zuwa huɗu jikin uwar yake ɗebo garkuwa daga jininta yana tarawa a hantsa, kaɗan-kaɗan, kamar mai tara gudunmawar biki. Duk cutar da uwar ta taɓa karo da ita a wannan turke, a wannan rijiya, a wannan makiyaya, maganinta yana ciki. Cikar da kike gani hantsa ta yi kafin haihuwa, tarin nan ne.

In kika tatse shi, ya tafi. Jiki ba ya sake tara irinsa a wannan cikin. Tatsar tana gaya wa hantsa cewa an haihu, sai ta juya ta fara yin madara fara ta yau da kullum. Ranar da ɗan ya iso, zai kama nono, zai sha ya ƙoshi, kowa ya ga ciki ya tashi a ce alhamdu lillahi, alhali abin da ya fi bukata an riga an sha shi a koko. Bayan kwana huɗu ko mako guda sai zawo, ko cibiya ta kumbura, ko gwiwoyi, ko tari. Abin da ya sami maraƙarmu ke nan.

Kuma ƙofar a buɗe take na ɗan lokaci kawai. Hanjin sabon maraƙi yana iya tsotse garkuwar nan ta shiga jini a sa'o'in farko. Sa'a shida na farko su ne zinariya. Daga nan ƙofa tana rufuwa, in an kwana an wuni, sa'a 24, ta rufe. Dakashin da ya sha bayan haka abinci ne mai kyau, amma ba ya shiga jini ya zama garkuwa. Abin da ake so ya sha a farkon nan shi ne kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Maraƙin da ya zo da kilo 20, lita 2 ke nan. Na san a gidaje da yawa ana dafa dakashi a ba yara, ni ma na ci, kuma da daɗi. Ban ce a daina ba. A bar wa mai shi na ranar farko duka, in ya so a taɓa na kwana na biyu da na uku in ya yi saura.

Akwai wani abu kuma. Idan saniya ta ƙafe, kan nonon yana toshewa da wani abu kamar kakin zuma, ya hana datti shiga. Mai tatsa kafin haihuwa yana ɓalle wannan toshi. Saniya ta koma ta kwanta a kan kashi da fitsari, ƙuda ya bi, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Daga nan ciwon hantsa yake farawa: ɓangare guda ya yi tauri, ya yi zafi, madara ta fito da gudaji ko jini. Nono huɗu ne, in ɗaya ya mutu an yi asarar rubu'in saniya har ƙarshen rayuwarta. Ku tambayi dillalai a kasuwar Badagishiri yadda farashin mai nono uku yake faɗuwa.

Wani ɗalibi ko wanda ya yi tafiya zai iya cewa ya ji Turawa suna tatsar karsana kafin ta haihu. Gaskiya ne an gwada, musamman a Amurka, a kan shanun nan masu baƙi da fari da ake kira Holstein, masu ba da lita 30 ko fiye a rana. Karsanarsu takan yi kumburin hantsa mai tsanani a cikin fari. Sai a fara tatsar ta saura mako biyu ko uku, kumburin ya ragu, ta saba da injin tatsa. Game da ƙarin madara kuwa, sakamakon bai zo iri ɗaya ba, wani gwajin ya ga ɗan ƙari, wani bai ga komai ba. Amma ku ji abin da suke da shi. Suna da dakashin wasu shanun a daskare cikin firiza, ana haihuwa a narka a ba ɗan da kwalba. Suna da abincin da zai mayar wa uwar abin da aka cire. Maraƙin ma ba sa bukatarsa don uwar ta saki nono. Mu a Deule, dakashin uwar shi kaɗai ne, kuma ran maraƙin shi ne mabuɗin ƙwaryar. Dabarar da ta yi musu amfani, a turkenmu asara ce.

To yaya za a yi?

Farko dai a san kwanan ciki. A nan ne rabon maigida da makiyayi. Ranar da ka ga sa ya hau ta, kuma bayan mako uku ba ta sake nema ba, ka riƙe watan. Ba sai da takarda ba. An hau ta a watan Mauludi, ko ana saura mako guda a fara yankan hatsi, ko ranar sunan wane. Ka ƙirga wata bakwai, nan ne ƙarshen tatsa. Wanda ya ba da kiwo ga Bafulatani ko Buzu, ya tambaye shi, sun fi mu riƙe irin wannan. Kuma ka gaya wa uwar gida tun da wuri, kada ka tashi rana ɗaya ka ce daga yau ba tatsa, alhali da kuɗin nonon take sayen gishiri da sabulu. In ka hana ƙwarya, sai ka buɗe aljihu na wata biyun nan. Saniyar taka ce, maraƙin da ke tafe ma naka ne.

Ƙafar da ita ba wuya. Wadda ke ba da kaɗan, a daina kawai. Mai yawa, a koma sau ɗaya a rana har mako guda, a janye mata dusa na 'yan kwanaki, sannan a tsaya cak. Hantsa za ta cika ta yi kwana biyu ko uku, kada tausayi ya sa ki koma ki taɓa, cikar ce ke gaya wa jiki ya daina. Ki riƙa dubawa da ido da bayan hannu. In ɓangare ɗaya ya yi zafi ko ja, ko saniyar ta ƙi ci, a kira ma'aikacin kiwo. Wasu suna hana ta ruwa wai don nono ya ƙafe da sauri. Don Allah kada a yi. A zafin Afrilu wannan yana iya kashe ta da abin da ke cikinta. Tsohon maraƙi kuwa a ɗaure shi nesa, ko a kai shi wani garken. Ƙayar da ake ɗaura masa a hanci tana hana shi sha, amma tana yaga hantsa, raba su ya fi.

Da zarar nono ya ƙafe, a mayar mata da abinci, har a ƙara. Hutun tatsa ba hutun ci ba ne. Harawar wake da aka ɗora a kan rumfa tun kaka, wadda ake ɓoye wa ragon layya, a ba mai ciki kasonta. Kowar wake, dusar hatsi, 'ya'yan gawo da yara ke tsintowa a fadama, kara a daddatse shi kada a zube shi ɗungum ta tattake. Itatuwan da aka dasa a ƙasar Keita tun aikin dashen da aka fara a 1984, da gawon da manoma suka bari ya tashi a gonakinsu, yau su ne ke fitar da dabbobi da yawa daga bazara. Gishiri da kanwa a ba ta daidai misali, in haihuwa ta matso kada a cika, yawansu yana ƙara kumburin hantsa.

Yara kuma me za su sha a wata biyun nan? Wannan ita ce tambayar Inna, kuma ba na raina ta. Mai shanu biyu ko uku ya yi ƙoƙari kada cikinsu ya zo lokaci ɗaya. Mai guda ɗaya, akuya ce mafita. Cikinta wata biyar ne, tana cin abin da saniya ba ta kallo, kuma jar akuyar Maraɗi tana da nonon da zai riƙe yaro biyu. Maƙwabta ma suna iya yin ranche, yau ki ba ni, in tawa ta haihu in mayar miki. Iyayenmu sun yi haka.

Saura mai kumburin da ya wuce misali, musamman karsana a cikin fari, hantsa ta yi ƙyalli, kumburi ya bi ciki har cibiya, in kin danna yatsa wurin ya lotsa. Yawanci ruwa ne a ƙarƙashin fata, ba madara ba, kuma yakan sace da kansa bayan haihuwa. A riƙa zagayawa da ita da sanyin safe da na yamma, a shafa mata a hankali daga ƙasa zuwa sama, a share makwancinta a zuba yashi mai tsabta. In nono yana zuba da kansa ko tana kasa kwanciya don ciwo, wannan hukuncin likitan dabbobi ne, a neme shi a Buza ko wurin ma'aikacin da ke kusa. Idan shi ya ce a tatsa, to tun ranar a fara cigiyar saniyar da za ta haihu lokaci ɗaya da ita a unguwa ko a ruga, don a samo wa ɗan dakashin ranar farko.

Ranar haihuwa, a bar uwar ta lashe ɗanta. In sa'a biyu ta wuce bai tashi ya kama ba, a wanke hannu da sabulu, a wanke kan nonon, a tallafe shi a kai bakinsa. In ya kasa tsotsa, a tatsa a koko mai tsabta a ba shi a hankali, kansa a ɗage kaɗan, kada a ɗura masa ya shaƙe. Cibiya a sa mata maganin ciwo irin na asibiti, ba toka ko kashin shanu ba. Mabiyiya kada a taɓa ta da hannu tsirara, a sa leda, a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba, domin cutar nan ta bakkale mai sa ɓari tana kama mutum ta nan, tana kuma bin ɗanyar madara. A tafasa kafin a ba yara.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan harawa: yaushe ake yankanta, yaya ake shanya ta a inuwa ganyen bai kakkaɓe ba, da nawa ya kamata a ware wa saniya guda mai ciki. Mai tambaya ya aiko ta hannun wakilinmu ranar kasuwa. Allah ya raya abin da aka haifa, ya sauki masu ciki lafiya, na gida da na turke. 

(Kiɗan rufe shiri)